Jego Ba Hayaƙi

Tun kafin amalanken Aisami ya ɓullo ta bayan masallaci Yabawa ta ji kukan ƙafafunsa, irin kukan da amalanke ke yi idan an ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa. Ta ajiye muciya, ta matsa jikin darni, ta sa ido a wata 'yar kafa da ta daɗe da sanin wurinta. Shanu biyu ne ke jan kayan, kumfa na zuba daga bakinsu, itace kuwa an jibga shi har ya fi tsawon mai korar su. Ba karmami ba ne, ba kuma guntayen tumfafiyar da matan unguwa ke tsintowa ba. Itacen ƙirya ne jajir da na kandili, guma-guma, irin waɗanda rabon garin Gure da ganinsu a tsaye tun Yabawa na budurwa.

A ƙofar gidan Hawa aka tsaya. Dama ta san a nan za a tsaya. Aisami ya kwance igiya ya fara turowa, duk gungumen da ya faɗi ƙasa kuwa sai Yabawa ta ji shi a ƙirjinta.

Hawa taubashiyarta ce, 'yar kawunta. Tare suka tashi, aka aurar da su a gidaje biyu da darni ɗaya ya raba, suka tsufa kowace na kiran 'yar'uwarta baiwa, kamar yadda taubasai suka gada. Sai ga shi bana Allah ya haɗa su a kan abu ɗaya. Salamatu ta Hawa da Balkisa autar Yabawa duk sun dawo gida haihuwar fari, suka kuma sauka a mako guda. Wankan jego na kwana arba'in, safe da yamma, da tafasasshen ruwa, aikin uwa ne. Itacen da za a dafa ruwan kuwa a wuyan miji yake. Kuma a unguwar nan ba a shigar da itacen jego cikin gida ranar da ya zo. A waje ake barinsa ya sha iska, don duk mai wucewa ya auna darajar 'yar gidan a wurin mijinta. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima.

Mainasara, mijin Salamatu, dillalin dabbobi ne, ga abin da ya aiko ana ta saukewa. Yabawa ta koma kan tukunyarta tana cewa a ranta, bari dai nawa ya iso.

Nata ya iso da la'asar, a bayan babur. Fadilu, mijin Balkisa, da ake kira Mushe kamar sauran malamai, malamin lakwal ne, wato makarantar boko, a Kelle, siriri mai sanyin murya. Ya durƙusa a bakin zaure ya yi gaisuwa, ita kuma tana daga ciki ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, don kunyar suruki. Da ya gama sai ya turo kayan da ya kawo: buhu biyu na faskararren itace, gajere-gajere, da wani abu na ƙarfe mai faɗin baki, an shafe cikinsa da yumɓu, an huda masa 'yar ƙofa a ƙasa.

“Murhu ne, Inna,” in ji shi, idonsa a ƙasa. “Wani maƙeri na sa ya yi shi a Damagaram, daidai da tukunyar wanka. Tukunyar ciki take shigewa, wuta ba ta watsewa. Buhunan nan za su kai ku arba'in, in sha Allahu. Kuma ba ya hayaƙi sosai. An ce mana hayaƙi na cutar da ƙirjin jariri.”

Yabawa ta dubi buhunan, ta dubi hanya ko akwai amalanke a baya. Babu kowa sai awakin unguwa.

“An gode,” ta ce. “Allah ya yi albarka.”

Ƙarar babur ɗinsa ba ta gama ɓacewa ba sai ga Hawa ta shigo, tana tafe tana gyara ɗaurin zane.

“Ina baiwata? An ce kayan surukinki sun iso, na ce bari in zo in taya ki jida, kar bayanki ya karye.” Ta tsaya a kan murhun, ta zagaya shi, ta ƙwanƙwasa shi da ɗan yatsa. “Ikon Allah. Yabawa, wannan bokiti ne aka yi wa ƙofa?”

“Murhun zamani ne. Ke ina za ki san shi, baiwar ƙauye.”

“To, itacen fa? Ko yana hanya?”

“Ga shi nan a buhu.”

Hawa ta riƙe haɓa, ta yi dariya har da dafa darni. “A buhu! Mu namu shanu biyu ya gajiyar, naki kuwa ko kaza ta ja shi. Ki ɓoye shi da kyau, kar ɓera ya ɗauke.”

Yabawa ta taya ta dariya. Faɗan da ya fi ƙarfinka sai ka mai da shi wasa, kuma maganar taubashi ba a kai ƙararta ko'ina. Amma da Hawa ta fita, sai ta ja buhunan can bayan rumbu inda mai shigowa ba zai gan su ba.

* * *

Gaskiya dai ɗaya ce ko da ɗaci: murhun ya yi aiki. Yabawa ta cusa masa 'yan faskare, ta tafi tsinko ganyen dogon yaro na wanka, kafin ta dawo ruwa na ta ɓararraka. Ta yi wa Balkisa wanka da ruwan da ko ita mai yi sai da ta riƙa janye hannu. Idanunta da suka shekara talatin suna zubar da hawaye a bakin murhu, a kwanakin nan sun huta. Wannan ma haushi ya ba ta. Ta so a ce abin ya ƙi, ta samu bakin magana.

Matsalar ba a cikin gida take ba, a sama take. Kowace safiya hayaƙin gidan Hawa kan miƙe ya tokare sama, duk unguwa a san ana jego a gidan. Saman gidan Yabawa kuwa fes, sai ka ce gidan da aka yi ƙaura. Tsohuwa Ummul Kulsum, wadda ta saba shigowa ɗiban wuta da guntun kasko, ta fara wuce ƙofarta ta shiga ta Hawa. Ba da wata manufa ba, inda ta ga hayaƙi can ta nufa. Yabawa kuwa tana kallo ta kafar darni, tana jin kamar an yi mata ƙwace.

Kuma ba kowace mace ba ce Yabawa a wannan fage. Rabin matan unguwar ita ta yi musu wankan jego, iyayen wasu har da rarrashi suke zuwa ɗaukarta, don an san hannunta na gasa jiki. Tun rasuwar mijinta Usmanu, da tafiyar 'ya'yanta maza neman kuɗi arewa, abin da ya rage mata da za ta ɗaga kai da shi ke nan. Shekaru ta yi tana jiran ranar da za ta yi wa tata ɗiyar, a gidanta, ta cika mata arba'in cif, ta mayar da ita ɗakin miji tana sheƙi, a ce ga aikin Yabawa.

Ranar suna aka raɗa wa yaro Jibirilla. Mata suka cika tsakar gida, ana shan kunun kanwa, jariri na yawo daga hannu zuwa hannu. Yabawa na ta kai da kawo tana tsokanar jikan nata, tana cewa ga angonta ya zo ba ko sisin sadaki. Ana cikin haka Hawa ta hango murhun a gefe.

“Jama'a, kun ga mai aikin?” ta ce. “Jegon 'yan lakwal ake yi a gidan nan. Ba itace, ba hayaƙi. Mushe ne ke karanto wa ruwan boko daga Kelle, sai ya tafasa don tsoro.”

Aka kwashe da dariya. Da a nan abin ya tsaya, da da sauƙi. Amma sai Ummul Kulsum, wadda ba ta san wasa ba, ta matsa kusa da Balkisa, ta kama ƙafarta ta danna babban yatsa a kan idon sawu, ta ɗaga tana duban ko wurin zai lotsa.

“Ni dai ban ga hayaƙi a gidan nan ba tun da aka haihu,” ta ce a hankali. “Anya ruwan da bai ci itace ba yana gasa jiki? Yabawa, ke da kika gasa 'ya'yan mutane, kar ki bar taki ɗanya. Sanyi in ya shiga mai jego ba ya fita.”

Wata ta yi sauri ta ɗauko wani zance. Ƙafar Balkisa ba ta lotsa ba, kowa ya gani. Amma magana zarar bunu ce. Yabawa ta ci gaba da raba kunu tana murmushi, kunnuwanta na zafi. Ta dubi Salamatu da ta leƙo barka, ta ga kamar ta fi Balkisa haske, kamar ta fi ta cika. Ko da gaske ne, ko ido ne kawai, ita ma ba za ta iya rantsuwa ba.

* * *

Washegari ta kinkimi murhun ta kife shi a bayan rumbu, ta jero duwatsu uku a tsakar gida, ta ɗora tukunyar wanka. Ta zazzage faskare ta cusa ta kowane gefe. Wuta ta tashi tana lasar iska, hayaƙi ya haura darni. Yabawa ta ja da baya ta ɗaga kai tana kallonsa, ranta ya yi sanyi.

Itacen da aka ce zai kai arba'in ko mako bai ƙara ba. Buɗaɗɗen murhu ba ya ƙoshi, rabin wutarsa iska yake dafawa. Ta kakkaɓe buhu na biyu ta ga ba komai sai ɓawo, kuma ta gwammace ta mutu da ta aika Kelle a ce itace ya ƙare, ko ta miƙa hannu ta darni ta ce Hawa ta sam mata.

Sai ta shiga fita bayan gari da igiya. Inda suke yin itace suna 'yan mata, wurin da in ka shiga ba ka hango garin saboda duhuwa, yanzu tudun rairayi ne ya kwanta a kai, ko kututture babu. Takan dawo da abin da ta samu: tumfafiya ɗanya, da ƙodagon goriba, da kashin shanun da bai gama bushewa ba, don damina ta sauka. Irin wannan ba ya kamawa da daɗi. Sai ta koyi tsinto ledoji da tsofaffin takalman roba tana cusawa a ƙasa don su ja wutar. Hayaƙin da ke fita baƙi ne, mai kauri, mai ɗaci a maƙogwaro. Ya fi na Hawa nesa ba kusa ba, har Ummul Kulsum ta dawo ɗiban wuta.

Da ruwan sama ya fara dukan wutar, sai ta mayar da duwatsun ƙarƙashin rumfar da ke bakin ɗakin Balkisa. Iskar damina kuwa daga gabas take zuwa, ƙofar ɗakin na kallonta. Abin da ya rage na garwashi ta zuba a kasko ta tura ƙarƙashin gado, don mai jego ba ta kwana a sanyi.

“Inna,” in ji Balkisa wata safiya, tana fifita wa yaron da bakin zane, “yaron nan tari yake tun jiya. Ko a mayar da wancan murhun?”

“Murar damina ce. Ke ba a cikin hayaƙi kika girma ba? Me ya same ki?”

“Mushe ya ce lokotoro ta gidan likita ta ce...”

“Mushe ya taɓa haihuwa? Ko ya taɓa yi wa wata wanka?” Yabawa ta goge hawayen da hayaƙi ya tara mata. “Ni ba za a nuna ni da baki a garin nan ba, a ce na bar ɗiyata ɗanya. Kina gani ana danna miki ƙafa a gaban mutane kamar kabewar kasuwa.”

Da wayar Balkisa ta yi ƙara, kamar yadda take yi kowace safiya kafin Fadilu ya shiga aji, Yabawa na ji ta ce masa lafiya lau suke, murhu na nan na aiki. Ta faɗa tana kallon bango. Ɗiya ba ta tona uwarta a gaban miji, Yabawa ta san haka, kuma ta dogara da hakan.

Abin da ya hana ta sakat shi ne tulin itacen nan na ƙofar Hawa. Ana ɗiba safe da yamma amma kamar ba a taɓa shi ba. Duk fitar da za ta yi sai ta wuce ta gabansa, ita da ɗan ƙunshin tumfafiyarta a ka. Ran nan ta dawo ta tarar da Hawa zaune a kan wani gungume tana tsintar wake.

“Sannu da aiki, baiwata. In kin gaji ki zo ki ɗebi ɓawo, sadaka ne.”

A ranar Yabawa ta kwance akuyarta daga turke. Ita kaɗai ta rage cikin dabbobin da Usmanu ya bari, ga ta da ciki. Ta ja ta har gidan Aisami mai amalanke, akuya na turjewa ita tana ja.

“Wushe, Ya Yabawa,” in ji Aisami, yana gaishe ta yana duban akuyar. “Lahiya?”

“Itace nake so. Irin wanda ka kai wa Hawa, amma ya fi shi. Ka riƙe wannan.”

Aisami ya sosa ƙeya. “Itace ya yi nisa yanzu. Wancan ma sai da na wuce Alakos, na kwana a daji, ga masu tsaron daji ana ɓuya da su. Ga shanu na aikin gona. Ba zan ce miki ga rana ba.”

“Ko yaushe ne. Amma da rana tsaka za ka kawo, ta gaban masallaci. In an tambaye ka, ka ce Mushe Fadilu ne ya aiko daga Kelle. Ko ba a tambaye ka ba ma ka faɗa.”

Aisami ya dube ta, ya dubi akuyar, ya karɓi igiya.

* * *

Ana saura kusan mako biyu a cika arba'in, wata safiya mai lumshi, Yabawa na durƙushe tana hura jiƙaƙƙen kashin shanu, ta ji Balkisa ta kira ta da wata murya da ba ta san ta da ita ba. Ta shiga ɗakin tana kore hayaƙi da hannu. Jibirilla na kwance a cinyar uwarsa, ya ƙi kama nono. Duk numfashin da zai ja sai fatar ƙarƙashin haƙarƙarinsa ta lotsa ciki, wani ɗan sauti na fita kamar na ɗan kyanwa. Leɓɓansa sun yi duhu.

Yabawa, wadda jarirai da yawa suka bi ta hannunta, ta tsaya ta rasa abin yi. Hawa ce ta jiyo kukan Balkisa, ta ture darnin da kafaɗa ta shigo ta nan, ba ta tsaya zagayawa ta ƙofa ba. Kallo ɗaya ta yi wa yaron ta sure shi ta naɗe a mayafinta.

“Ku taso. Me kuke jira?” Tana tari tana magana. “Wane irin abu ake ƙonawa a gidan nan?”

A gidan likita wata lokotoro mai matsakaicin shekaru ta karɓi yaron, ta saurari ƙirjinsa, ta sa aka maƙala masa robar iska a hanci. Tana warware zanen da aka naɗo shi sai ta tsaya, ta kai shi hancinta.

“Ƙirjinsa ya kamu sosai,” ta ce. “Zanen nan warin ƙonanniyar roba yake. A ina yake kwana? Da me kuke hura wuta?”

Balkisa ta ɗago ido ta dubi uwarta, sau ɗaya, ta mayar kan ɗanta. Da ta yi magana da ya fi wa Yabawa sauƙi.

Aka ce mutum ɗaya zai zauna da yaro. Tsofaffin biyu suka fito suka zauna a gindin bishiyar dogon yaro, a kan wani benci mai ƙafa uku da dutse.

“Wasa nake miki fa, Yabawa,” in ji Hawa daga baya.

“Na sani.”

“Ba ki sani ba.” Hawa ta ja majina. “Mainasara tun da ya turo itacen nan bai tako gidana ba. Ko ranar suna ƙanensa ya aiko, wai yana kasuwar raƙuma. Kullum da sahe muna jin wayar ɗiyarki ta darni, muna jin tana dariya ƙasa-ƙasa. Salamatu sai ta juya ta fuskanci bango. To ni in ban yi dariyar bokitinki ba, me zan yi? Itacen nan kaɗai gare ni.”

Abin kunya ne a faɗa, amma ko a wannan wuri, jikanta na ciki yana kokawa da numfashi, sai da Yabawa ta ji wani ɗan daɗi ya ratsa ta, jin cewa ashe Hawa ma tana leƙe ta tata kafar. Daɗin bai daɗe ba. Ta tsani kanta a kansa, ta sunkuyar da kai tana kallon hannuwanta da baƙin roba ya shige cikin faratansu.

Fadilu ya iso kafin azahar, rigarsa duk garin alli. Ya shiga ya daɗe, sannan ya fito ya durƙusa a gabanta kamar yadda ya saba. Ya gaishe ta gaisuwa cikakkiya, ya tambayi gajiya, ya tambayi damina, bai tsallake ko ɗaya ba. Bai tambayi murhu ba. Ta so ya ɗaga murya, ya yi mata rashin kunya ko sau ɗaya, ta samu abin riƙewa. Bai ba ta ba.

Allah ya yi wa yaron sauran kwana. Bayan 'yan kwanaki aka cire robar, ya kama nono, har ya yi kukan da aka ji daga waje. Ranar da za a sallame su Fadilu ya sake durƙusawa a gabanta a bakin ɗakin, Balkisa na zaune a gado da yaro a kafaɗa.

“Inna, lokotoro ta ce ƙirjinsa ba zai ƙara ɗaukar hayaƙi ba. Na ce ko za ki yi mana izini, daga nan mu wuce Kelle.”

“Arba'in fa?” in ji Yabawa. “Ba a cika ba.”

“Gwaggona na nan, za ta ƙarasa mata.”

A duk danginsu ba a taɓa ɗauke mai jego daga gidan uwarta kafin arba'in ba, sai in uwar ta mutu. Yabawa ta manta da kunyar suruki, ta saki mayafi ta dubi ɗiyarta kai tsaye, tana jiran ta ce a'a, ta ce ita a gidan Inna za ta ƙarasa. Balkisa na shafa bayan yaron a hankali.

“Ki yi haƙuri, Inna,” ta ce.

* * *

Sun biyo ta gida ɗaukar kaya kawai. Balkisa ba ta shiga da yaron ɗakin ba, a zaure ta tsaya. Fadilu ya fito da akwati da tabarma, sannan ya zagaya bayan rumbu, ya ɗago murhun daga inda yake kife, ya kakkaɓe masa ƙasa ya kai motar da ya ɗauko haya. A wurin ya bar wani zagayayyen tabo busasshe a kan jiƙaƙƙen rairayi. Yabawa ta leƙa fuskar jikanta ta ce, “Ango, tun ba a je ko'ina ba ka sake ni?” Ba wanda ya iya yin dariya.

Washegari da rana tsaka, mutane na fitowa daga sallar azahar, aka ji kukan ƙafafun amalanke ta gaban masallaci. Aisami mutum ne mai cika alkawari. Shanun sun rame, shi kansa ya yi baƙi, amma kayan da ya ɗauko ko a bikin 'yar attajiri ba a ga irinsa ba. Ya tsaya a ƙofar Yabawa, ya kwance igiya, ya ɗaga murya yadda na nesa zai ji.

“Itacen jego ne, daga Kelle. Mushe Fadilu ya aiko.”

Mutane suka fara tsayawa. Labarin tafiyar Balkisa bai gama zaga unguwa ba, don da sassafe motar ta tashi, wasu kuma sun ɗauka har yanzu suna gidan likita. Wani dattijo ya dafa wani gungume ya jinjina kai, ya ce ashe malamin nan ɗan halak ne, shiru-shirunsa ba na rowa ba ne. Mata suka leƙo daga zaurukansu. Tulin ya yi ta hawa har ya wuce na ƙofar Hawa, ya wuce darni.

Ummul Kulsum ta iso da guntun kaskonta, ta tsaya ta kare rana da hannu tana duban sama.

“Yauwa, Yabawa. Yanzu muka ga jego. Gobe sai hayaƙi.”

“In Allah ya kai mu,” in ji Yabawa.

Hawa na tsaye a ƙofarta, hannu a ƙirji. Karo na farko tun suna yara, ga abin tsokana a gabanta, amma ta bar shi ya wuce. Ta juya ta shige gida.

Yabawa ma ta shiga nata. Tukunyar wanka na kan duwatsu uku, ruwan da ta ɗora ranar tafiya gidan likita na nan a ciki, wani ganyen dogon yaro na yawo a kai. Ƙofar ɗakin Balkisa a buɗe, gado ba shimfiɗa, kaskon toka na ƙarƙashinsa. A gindin turke guntun igiyar akuya na nan inda ta bar shi. Ta jawo kujera 'yar tsugunno ta zauna a tsakar gida, ta ɗora hannuwa a gwiwa. A waje Aisami bai gama saukewa ba, gumagumai na ta faɗuwa ƙasa ɗaya bayan ɗaya, tana jin kowanne.